BABI NA UKU: MUHAWARAR SUFURI A BIRNIN KANO DA KEWAYE

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda birnin Kano ya tumbatsa har ya fita daga cikin badala. A wannan babi kuwa za a dubi ɗaya daga cikin matsalolin da wannan bunƙasa ta haifar, wato matsalar abin hawa. Za a kawo tarihin acaɓa da adaidaita sahu a taƙaice, sannan a fito da ra'ayoyin hukuma da direbobi da fasinjoji.

3.1 Birni da Unguwannin Bayan Gari

Idan aka ce Kano da kewaye, ana nufin ƙananan hukumomi takwas ne, wato Birni da Dala da Gwale da Fagge da Nasarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen waɗannan ƙananan hukumomi sun haura miliyan biyu da rabi. Tsadar fili da kuɗin haya a tsakiyar gari sun tura jama'a da yawa zuwa unguwanni irin su Rijiyar Zaki da Ɗorayi da Bachirawa da Kurna da Mariri da Panshekara. To amma wuraren neman abinci ba su bi su can ba. Kantin Kwari da kasuwannin Kurmi da Sabon Gari da Singa suna nan a inda aka san su, haka ma manyan ma'aikatun gwamnati. Saboda haka magidanci yakan kwana a bayan gari, ya yini a cikin gari, kullum kuma sai ya ware kuɗin mota kafin ya ba da na cefane. Wannan ne tushen muhawarar.

3.2 Daga Acaɓa Zuwa Adaidaita Sahu

Kafin yaɗuwar acaɓa, tasi da bas ƙirar hayis su ne abin hawan jama'a. Matsin tattalin arziki da ya biyo bayan shirin SAP na 1986 ya sa sayen mota da kayan gyaranta ya gagari mutane da yawa, matasa kuma suka rasa aikin yi. Nan ne babur ya samu shiga, domin yana da araha, yana kuma kutsawa lungun da mota ba ta iya shiga.

Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano a 2000, da kafa Hukumar Hisba a 2003, sai aka ta da maganar ɗaukar mata a kan babur. A 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, ta kuma samar da babura masu ƙafa uku domin su. Hanin ya jawo taƙaddama tsakanin 'yan Hisba da 'yan acaɓa, musamman da yake baburan da aka kawo ba su wadaci matan gari ba.

Sunan abin hawan ma abin nazari ne. Asali, "a daidaita sahu" umarni ne da liman kan bai wa mamu kafin ya ta da salla. Gwamnatin ta ari kalaman ta raɗa wa shirinta na gyaran tarbiyya, daga nan jama'a suka laƙaba wa baburan da suka zo a zamanin shirin. Ke nan jimlar umarni ta rikiɗe ta zama suna, har aka samu "mai adaidaita" da "ɗan sahu" da "'yan sahu".

3.3 Hana Acaɓa da Abin da Ya Biyo Baya

Ranar 19 ga Janairun 2013 'yan bindiga suka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari. Da ma an sha amfani da babura wajen kai hare-hare a wannan lokaci, don haka bayan 'yan kwanaki gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana goyo a babur a cikin birni da kewaye. Da yawa daga cikin 'yan acaɓa sai suka koma tuƙa adaidaita sahu, abin hawan da aka kawo domin mata kuma ya zama na kowa da kowa.

Yawaitar 'yan sahu ta haɗa su da hukumar KAROTA mai kula da zirga-zirgar ababen hawa. A Fabrairun 2021 sun shiga yajin aiki a kan harajin naira 100 na kullum, a Janairun 2022 kuma suka sake shiga wani a kan kuɗin sabunta izinin aiki. A duka lokutan biyu ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa sun taka sayyada. A Yulin 2022 gwamnatin Dakta Abdullahi Umar Ganduje ta hana su aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. A ƙarshen Nuwamban shekarar kuma aka sanar da hana su bin wasu manyan hanyoyi, amma koke-koken jama'a suka sa aka janye ba da jimawa ba.

3.4 Ra'ayoyin Ɓangarori

Hujjar hukuma ita ce tsaro da tsari. Ana zargin wasu 'yan sahu da gudun ganganci da tsayawa barkatai da haddasa cunkoso, ga kuma ɓata-gari da kan fake da sana'ar su yi ƙwacen waya. Rajista da lamba su ne hanyar gane na kirki, haraji kuwa da shi ake gyaran titi.

Direbobi su ma suna da tasu hujjar. Da yawansu ba su suka mallaki babur ɗin ba. Dole ne direba ya haɗa balas ɗin mai shi, ya sayi mai, ya biya haraji, sannan abin da ya rage ya zama na gida. Duk kuɗin da aka ƙara masa, ko dai ya ɗora wa fasinja ko iyalinsa su ji a tukunya.

Fasinja kuwa shi ne a tsakiya. Yana ƙorafin tsada da rashin ladabin wasu direbobi, amma ranar da suka daina fita shi ke fara shan wuya. Mazaunin bayan gari ya fi kowa jin jiki, domin sau da yawa sai ya hau abin hawa biyu kafin ya isa inda za shi. Cire tallafin man fetur a Mayun 2023 ya ƙara masa nauyi, tun da nisan tafiya shi ke yanke kuɗin mota.

3.5 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa kowane hani yakan haifar da sabon abin hawa ne kurum, buƙatar kuwa tana nan. Ƙarancin bas ya kawo acaɓa, hana acaɓa ya yawaita adaidaita sahu. Gadojin sama da na ƙasa da aka gina a wurare irin su Ƙofar Nasarawa da Dangi sun sauƙaƙa wa mai mota, amma ba su samar wa marar mota abin hawa ba. Janye dokar Nuwamban 2022 ya nuna cewa hanin da ya riga madadinsa zuwa ba ya ɗorewa. Don haka wannan bincike yana ganin kamata ya yi a fara wadata manyan hanyoyin shiga gari da manyan motocin bas masu tsayayyen farashi, sannan a bar wa 'yan sahu jigilar cikin unguwanni. A babi na gaba za a nazarci karin magana da kirarin da ake rubutawa a jikin waɗannan babura.