Ragowar Shan Ruwa da Haƙƙin Ƙasa

Duk wanda ya bi ta unguwa da hantsi a wannan wata ya ga yadda juji ke cika: ɓawon kankana, ɓawon lemo da na albasa, tuwon da ya kwana, duk a ƙulle cikin leda. Allah Maɗaukaki ya halatta mana ci da sha a Suratul A'araf, aya ta 31, kuma a ayar nan ya hana mu wuce iyaka.

Abin da mutum zai iya ci, haƙƙin maƙwabci ne da almajiri. Abin da ya wuce mutum, a ba akuya da kaji. Maganarmu ta yau a kan wanda ya rage bayan wannan ne.

Idan aka zuba shi a juji, ruwan sama zai kwashe shi ya toshe magudana, sauro ya samu wurin hayayyafa, akuya kuma ta haɗiye ledar don ƙanshin abinci, ta yi ta rama har ta mutu. Amma idan aka haƙa rami a inuwa, zurfinsa kamar kamu biyu, aka shimfiɗa kara ko ganye a ƙasa, aka zuba ɓawon, aka bi shi da kashin awaki da ƴar toka, to an fara haɗa taki. A riƙa yayyafa masa ruwa ya yi laima, kada ya yi caɓi. Ruwan alwalar da muke bari yana malala a tsakar gida ma ya isa. Bayan ƴan kwanaki, sanya hannu ciki za ka ji ɗumi. Wannan alama ce ƙananan halittun da ido ba ya gani suna aikinsu, zafin kuma yana kashe irin ciyawa. A juya shi duk sati biyu. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko. Nama, ƙashi da mai, kada a sa, suna jawo ɓera da wari.

Gonakinmu na jigawa ba su riƙe ruwa. Takin zamani yana ciyar da shuka na damina ɗaya, da kuɗi kuma ake sayensa, wannan kuwa ƙasar kanta yake gyarawa, ta riƙe laima idan ruwa ya yi tsaiko. Ku tambayi manoman Illela a jihar Tawa, waɗanda suka raya faƙo da ramukan tassa: taki cikin hannu ɗaya ko biyu suke zubawa a kowane rami, gara ta ja shi ƙasa ta buɗe wa ruwa hanya, hatsi ya fito a wurin da ko ciyawa ba ta tsira a da.

Wanda ba shi da gona, masu lambu a bakin gulbin Maraɗi da manoman albasar Galmi suna bukatar taki kowace shekara. Ya tara, ya kai musu a amalanke.