Naman Kaza: Abinci Ne, Amma A Yi Hattara

Da zarar damina ta kankama, 'yan'uwanmu mazauna Sabon Ibadan da Shagamu da Agege sukan ga mata sun kasa naman kaza a kasuwa da bakin hanya. Yarabawa suna kiransa olu, Ibo kuwa ero. A gida Arewa da yawanmu laimar kwaɗi muke ce masa, ko kallo bai ishe mu ba. A Kudu kuwa abin miya ne mai daraja, har a 1975 Malam B. A. Oso na Jami'ar Ibadan ya wallafa bincike a kan yadda Yarabawa suke rarrabe ire-irensa. Masanan wannan fanni kuma suna da ƙungiyarsu ta ƙasa.

To, ga inda gizo yake saƙa. Wanda ya fi daɗi a jikin suri yake fitowa, domin gara ce take renonsa. Amma akwai masu dafi da suke kama da na ci. Wani yakan sa amai da zawo bayan awa 1 zuwa 3. Mafi muni ba ya nuna kansa sai bayan awa 6 zuwa 24, mutum ya ga kamar ya sami sauƙi, alhali hantarsa tana lalacewa. Dafuwa ba ta kashe wannan dafi. Zancen wai a jefa cokalin azurfa a tukunya a gani ko zai yi baƙi, ba shi da tushe. Saboda haka baƙo kada ya tsinko a daji, ya kuma hana yara. Wanda ya ci ya ji ba daidai ba, a garzaya da shi asibiti tare da ragowar abin da ya ci.

Mai son sana'a kuwa, ana nomansa a ɗaki. A haɗa garin katako da dusar shinkafa da ɗan farar ƙasa, a jiƙa, a ɗura a leda, a turara a durom. In ya huce a zuba iri, wanda galibi a jikin ƙwayar dawa ake renonsa. Bayan mako 3 zuwa 4 a wuri mai duhu sai a buɗe ledar, a riƙa yayyafa ruwa, cikin 'yan kwanaki a fara tsinka. Cibiyar bincike ta FIIRO da ke Oshodi a Legas tana koyar da wannan aiki.

Jama'a, tambaya ba ta ɓad da mutum. Allah ya kiyaye mu, amin.