Zauren Lugard: ginin da ya taɓa riƙe dokokin Arewa daga Sakkwato zuwa Maiha

Wanda ya tashi daga Maiha a yau don wata buƙata a majalisar dokoki, Yola zai nufa. Kakanninsa kuwa, Kaduna suke kallo, inda wani gini mai kubba ya tara wakilan Arewa baki ɗaya. Wannan gini shi ne Zauren Lugard.

An sa masa sunan Frederick Lugard, gwamnan mulkin mallaka da ya zaɓi Kaduna ta zama hedikwatar Arewa a madadin Zungeru. Buƙatar zauren ta taso ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da tsarin mulkin Richards na 1946 ya samar wa Arewa majalisu biyu, ta Wakilai da ta Sarakuna.

Fasalin ginin ya nuna wa aka yi wa shi. Babbar kubba ce a tsakiya, ga bakuna masu lanƙwasa da ke tuna wa mai kallo soron fada da masallatan ƙasar Hausa. Magina na gargajiya da ƙasa da azara suke ɗaure bakan gizo. A nan an ari siffar ne aka fitar da ita da kayan gini na zamani. Sarkin da ya shiga ba zai ji baƙunta ba, ko da yake tsarin muhawarar da ke ciki daga Ingila aka kawo shi.

A wannan zaure Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya jagoranci gwamnati a matsayin Firimiya daga 1954, har Arewa ta sami mulkin kai a watan Maris na 1959. Amma a lokacin makomar Mubi da Maiha ba ta tabbata ba. Yankin tsohuwar mallakar Jamus ne, Ingila na riƙe da shi amana a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. A ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961, mutum 146,296 suka zaɓi Najeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Ranar 1 ga Yuni, 1961 yankin ya shiga Najeriya, aka kira shi Lardin Sardauna, Mubi ta zama hedikwatarsa.

Zaman bai daɗe ba. Juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966 ya rufe majalisar, sannan a 1967 Yakubu Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi 12. Maiha ta koma ƙarƙashin Maiduguri a Jihar Arewa maso Gabas, ta dawo Yola da kafa Gongola a 1976, ta zama cikin Adamawa a 1991. Zauren kuwa ya zama mazaunin Majalisar Dokokin Jihar Kaduna, majalisar da ta tsige Gwamna Balarabe Musa a watan Yunin 1981, karo na farko da aka yi wa gwamna haka a Najeriya.

A nan batun yake ga masu tsara kasafi da adana kayan tarihi a Abuja. Jiha ɗaya ce ke ɗauke da nauyin ginin, alhali tarihin da ke cikinsa na jihohi 19 ne. Dokokin da suka shafi ƙasa da kotuna da haraji a Maiha an taɓa muhawara a kansu a ƙarƙashin waccan kubba. Kula da ita bai kamata ya zama aikin Kaduna kaɗai ba.