Na'ura Ma Tana Da Unguwa Da Lambar Gida

Sau da yawa maigida yakan sayi injin buga takarda, ya haɗa shi da na'urar rarraba intanet, amma kwamfutarsa ta ƙi ganinsa. Sai ya zaci jabu aka sayar masa, alhali kuwa matsalar ta adireshi ce.

Kowace na'ura tana da adireshinta na IP, watau lambobi huɗu kamar 192.168.1.5. Tsarin IPv4 adireshi wajen biliyan 4.3 kaɗai gare shi, saboda haka a shekarar 1996 aka tabbatar da rukuni uku domin amfanin cikin gida: masu farawa da 10, da 172.16 zuwa 172.31, da kuma 192.168. Waɗannan ba sa fita waje, na'urar rarrabawa ce ke musanya su da adireshi guda na fili. Shi ya sa gida dubu za su yi amfani da lamba ɗaya ba rikici.

To, akwai kuma lambar shinge, wadda masana ke kira sabnet mask. Idan 255.255.255.0 ce, lambobi ukun farko na adireshi sunan unguwa ne, ta ƙarshe lambar gida. Irin wannan unguwa na'ura 254 take ɗauka, domin 0 da 255 a keɓe suke.

Ke nan injin mai 192.168.0.20 da kwamfuta mai 192.168.1.5 ba unguwarsu ɗaya ba. Maganin abin shi ne a mayar da na injin 192.168.1.20, muddin wata na'ura ba ta riga ta ɗauka ba. Gara a duba wannan kafin a koma kasuwa da rigima.