Turjiyar Waya da Sautin Iyafis

Masu sha'awar sauraron sauti sun daɗe suna jayayya a kan ko siririyar wayar nan da ke haɗa iyafis da na'ura tana da tasiri ga abin da kunne ke ji, wasu suna rantsuwa cewa wayar azurfa tana fito da zaƙin sauti, wasu kuma suna cewa wannan duk wahami ne. Alhali kuwa mas'alar tana da ƙa'ida tabbatacciya tun shekarar 1827, lokacin da masanin nan Bajamushe, Georg Ohm, ya wallafa bayaninsa a kan gudanar lantarki.

Asalin maganar shi ne, kowace waya tana yi wa lantarki turjiya, wadda ake aunawa da ma'aunin om, kuma turjiyar tana ƙaruwa idan waya ta yi tsawo ko ta sirance. Shi ma iyafis yana da tasa turjiyar, galibi tsakanin om 16 da 32. Da yake su biyun a jere suke kan hanya guda, sai su raba ƙarfin lantarkin da na'ura ta aiko, kamar yadda abokan tarayya ke raba riba gwargwadon jarin kowa, kuma duk kason da waya ta ɗauka ya salwanta, ba ya kaiwa kunne.

Idan iyafis irin na gama-gari ne, wanda maganaɗisu ke kaɗa 'yar siririyar fata a cikinsa, turjiyarsa kusan ɗaya ce daga sauti mai kauri har zuwa siriri. Saboda haka waya mai om 1 a kan iyafis mai om 32 ba ta rage komai sai kimanin desibel 0.3 na ƙarar baki ɗaya, abin da da wuya kunne ya tantance shi.

Amma akwai wani nau'i mai tsada, irin wanda mawaƙa ke sanyawa a dandamali, wanda aka cusa masa ƙananan injuna da yawa irin na na'urar taimaka wa masu raunin ji, kuma a nan ne hukunci ke sauyawa, domin turjiyarsa tana hawa da sauka gwargwadon sautin da ke wucewa. Mu ƙaddara ta faɗi zuwa om 4 wajen kauri, ta haura zuwa om 20 wajen siriri: wayar nan mai om 1 za ta cinye kusan desibel 2 na kaurin, amma ƙasa da rabin desibel na siririn, sai mizani ya karkata, gangar da ke cikin waƙa ta ja baya, kaifin murya ya fito fili.

Hujja mafi bayyana ita ce ta kamfanin Etymotic na Amurka, wanda ya fitar da iyafis ɗinsa ER-4 a 1991, ya kuma sayar da shi iri-iri, daga ciki akwai ER-4P mai om 27 da ER-4S mai om 100; kuma wanda ya saka mahaɗi mai om 75 a wayar na farkon yakan sami sauti irin na ER-4S, ba tare da ya taɓa abin da ke cikin kunnensa ba.

Game da azurfa kuwa, gaskiya ne ta fi jan ƙarfe gudanar da lantarki, sai dai fifikon bai wuce kashi 6 cikin ɗari ba, wanda ɗan ƙarin kauri a wayar jan ƙarfe ke shafe shi. Don haka nasihata ga mai saye ita ce kada ƙyalƙyali ko tsada su ruɗe shi: ya nemi sanin irin iyafis ɗinsa tukuna, sa'an nan ya kai wayar wurin mai gyara a ɗora mata mita, domin idan turjiyarta ba ta kai rabin om ba, haƙiƙa ta sauke nauyin da ke kanta, ko da kuɗinta bai taka kara ya karya ba.