Sojan Da Yaƙi Ya Taɓa A Littattafan Soyayya Na Turawa

Duk wanda ya saba tsayawa wurin masu sayar da tsofaffin littattafai a bakin titi, ko a Yaba ta Ikko ko a Dugbe ta Badun, ya san waɗansu littattafan Turanci masu hoton mace da doguwar riga a bango, ga wani jarumi tsaye a bayanta da kayan soja irin na da. Labaran soyayya ne, sai dai marubutansu kan mai da labarin can baya, zamanin keken doki da takobi da igwa. To, a cikinsu akwai wani kashi mai farin jini, wanda mijin labarin soja ne da ya komo gida da ransa amma ba da kwanciyar ransa ba. Ba ya barci, in ya yi sai mugun mafarki, ƙarar tsawa ta sa shi makyarkyata, ga saurin fushi, ga gudun mutane. Ana nan sai ga wata mace ta shigo rayuwarsa.

Yawancin waɗannan labarai a ƙasar Ingila ake kafa su, a ƙarshen yaƙe-yaƙen Napoliyon na Faransa, waɗanda suka ƙare a filin Watalu ran 18 ga watan Yuni, 1815. Wata Baturiya mai suna Georgette Heyer ita ta share wa marubuta hanyar wannan zamani tun cikin 1935, kuma a 1937 ta rubuta littafi sukutum a kan yaƙin Watalu ɗin. Waɗanda suka biyo bayanta suka ga wata dama a ciki. A wancan zamani ciwon nan ba shi da suna, balle likita. Sai a 1915, cikin Yaƙin Duniya na Farko, wani likitan Ingila, Charles Myers, ya yi rubutu a kansa da sunan da ke nufin firgitar harsashin igwa. Ko a lokacin ma ba kowa ya yarda ciwo ne ba, gama an harbe sojoji 306 na Ingila da ƙasashen da ke ƙarƙashinta bisa laifin tsoro ko gudu daga fagen fama, ba a yafe musu ba sai 2006. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka kuwa sai a 1980 suka shigar da shi littafinsu a matsayin ciwon da ke biyo bayan firgita mai tsanani. Saboda haka marubucin da ya mai da labarinsa 1815 ya kawar da asibiti daga hanya ke nan, ya bar sojan da matar su kaɗai.

A nan ne ake gane gwani da ɗan koyo. Ɗan koyo zai nuna maka mutum ya shekara biyar yana ihu cikin dare, ran da aka ɗaura aure sai ya yi barci har hantsi, shi ke nan ciwo ya tafi. Wannan tatsuniya ce, kuma tana da illa, don matar da ke zaune da irin wannan miji a gaske, in ta karanta, sai ta ɗauka ƙaunarta ce ta gaza.

Wadda ta fi burge ni cikin marubutan ita ce Mary Balogh, haifaffiyar Suwansi a ƙasar Wales cikin 1944, wadda ta tafi Kanada koyarwa a 1967 ta zauna can. Tsakanin 2012 da 2016 ta fito da littattafai bakwai a jere da ake kira Survivors' Club, watau ƙungiyar waɗanda suka tsira. Mutum bakwai ne, maza shida da mace ɗaya. Mai gidan, wani babban basarake, ɗansa ya mutu a yaƙi, matarsa ta kashe kanta don baƙin ciki, sai ya mai da gidansa na bakin teku a yankin Konwal wurin jiyyar hafsoshin da suka fi jin jiki. Shekara uku suka yi tare, kuma bayan sun watse suka riƙa haɗuwa 'yan makonni kowace shekara, su zauna da dare kowa ya faɗi abin da ba ya iya faɗa wa danginsa. Lura da kyau, Malam mai karatu: kafin a kawo maganar soyayya, waɗannan mutane sun riga sun sami likita, da lokaci, da abokan da suka ga abin da suka gani.

Ɗauki littafi na biyu, The Arrangement, na 2013. Vincent yana ɗan shekara 17 igwa ta makantar da shi a yaƙinsa na farko. Uwarsa da 'yan'uwansa mata suka lulluɓe shi da tausayi har ya rasa numfashi, ya gudu daga gida. Matar da ya aura, Sophia, marainiya ce da ba wanda ya kula da ita. Ba ta buɗe masa ido ba, har littafin ya ƙare makaho ne, kuma firgitar tana taso masa lokaci lokaci. Abin da ta yi shi ne ta nemo kare aka horar ya yi masa jagora, ta sa aka kafa shinge a gefen hanya don ya fita shi kaɗai ba mai riƙe masa hannu. Haka Benedict na littafi na uku, wanda yaƙi ya ragargaza wa ƙafafu, bai tashi ya yi gudu ba don an so shi. Ni a ganina wannan ita ce gaskiyar lamarin, ƙauna tana sauƙaƙa zama da ciwo, ta kuma hana mutum kunyar kansa, amma ba ta mai da hannun agogo baya.

Akwai kuma wani tsohon littafi da ya kamata a ajiye kusa da waɗannan, ko da yake shi ba labarin da ba ne, an rubuta shi ana cikin yaƙi. Shi ne The Return of the Soldier na Rebecca West, 1918. Kyaftin Chris ya komo daga Faransa ya manta shekara goma sha biyar na rayuwarsa, bai san matarsa ba, sai budurwarsa ta ƙuruciya, Margaret, wadda ta riga ta yi aure ta sha wahala. A wurinta yake samun natsuwa. Amma ita ce ta nuna masa riga da ƙwallon ɗansa da ya rasu, tunaninsa ya dawo. Warkewar tasa kuwa ma'anarta a mai da shi bakin daga.

Mu nan Kurmi ba baƙi ba ne ga wannan magana. Mazan jiya da suka je yaƙin ƙasar Bama, da waɗanda suka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, da yawa a barikoki da unguwannin Sabo suka ƙare, kuma kowa ya san yadda akan ce wane yaƙi ya taɓa shi. Marigayi Biyi Bandele, ɗan Kafanchan, wanda mahaifinsa ya je Bama ya dawo da wannan ciwo, ya rubuta Burma Boy a 2007 a kan wani yaro Bahaushe soja, ko da yake nasa ba labarin soyayya ba ne. A Abekuta kuwa, Dokta Adeoye Lambo ya fara wani tsari a asibitin Aro cikin 1954, inda mai ciwon ƙwaƙwalwa kan sauka a ƙauyukan kewaye tare da wani nasa, uwa ko mata ko 'yar'uwa, da rana ya je wurin likita, da dare ya kwana cikin mutane.

Inda har gwanayen suka rage mana shi ne wajen matar. Littafi kan ƙare bayan biki da 'yan watanni, ba a nuna ta a shekara ta goma, ga 'ya'ya, ga miji ya farka cikin dare bai san inda yake ba. Mary Balogh ta ɗan taɓa ɓangaren mata a littafi na shida, Only a Kiss, na 2015, inda ta juya labarin: mai ciwon ita ce Imogen, wadda aka kama tare da mijinta a ƙasar Fotugal, ta ga azabar da aka gana masa har mutuwarsa, namijin labarin kuwa bai taɓa jin ƙarar igwa ba, shi ne ya koyi haƙuri da ita.