Nauyin maimaicin kalma cikin injin bincike: misali daga matanin Hausa na Baoudetta

1. Gabatarwa

Idan aka ba injin bincike kalma, yakan jera takardun da ke ɗauke da ita, wadda ta fi dacewa a gaba. Ɗaya daga cikin ma'auninsa shi ne yawan fitowar kalmar cikin kowace takarda. Wannan ɗan nazari zai nuna cewa ma'aunin abin gyarawa ne, kuma a Hausa gyaransa aikin masanin harshe ne kafin ya zama na mai lissafi.

2. Yadda ma'aunin yake

A 1957, Hans Peter Luhn na kamfanin IBM ya kawo ra'ayin cewa kalmar da marubuci ke yawan maimaitawa tana nuna jigon rubutunsa. A 1972, Karen Spärck Jones ta jami'ar Kambirij ta ƙara sharaɗi: kalmar da ke cikin kusan kowace takarda, kamar «da» ko «na», ba ta bambanta komi, don haka a rage mata nauyi.

Saura tambaya guda: fitowa 30 ta ninka fitowa 1 sau 30 wajen daraja? Tsarin BM25, wanda Stephen Robertson da abokan aikinsa na Landan suka gabatar a 1994, ya amsa da a'a. Idan aka jingine tsawon takarda, nauyin shi ne f(k+1)/(f+k), inda f ke nufin yawan fitowa, k kuma adadi ne da mai tsara injin ke zaɓa. Lucene, da ya mai da BM25 tsarinsa na asali a 2016, ya sa k a kan 1,2. Da haka fitowa 1 tana ba da 1. Fitowa 2, 1,38. Fitowa 10, 1,96. Fitowa 30, 2,12. Ba a taɓa wuce 2,2 ba. In k ya zama 0, maimaici bai da wani tasiri. In ya zama 2, fitowa 10 tana ba da 2,5.

3. Me ake ƙirgawa?

A ɗauka an tara matani daga Baoudetta, cikin gundumar Tasawa, da ƙauyukan Mayahi: hira da manoma, waƙoƙin gayya, tatsuniyoyi da rahotannin ma'aikatan gona. Ɗalibi yana neman abin da aka faɗa kan farin 1984, sai ya rubuta «fari».

Matsala ta farko: rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Saboda haka fari na rashin ruwa, da fari na launi, da fari na «ɗan fari», duk abu guda ne a wurin inji. In kuma an haɗa «fari» da «farin», tatsuniyar da ke cike da «farin ciki» tana iya shan gaban bayanin dattijon da ya ga bala'in da idonsa.

Ta biyu kishiyar ta farko ce: kalma guda tana warwatsuwa. Wanda ya rubuta hirar yadda ya ji ta a bakin mutanen jahar Maraɗi zai sa «hwari», mai bin daidaitacciyar ƙa'ida ya sa «fari». Haka gona, gonar, gonaki, gonakin; haka Tasawa da Tessaoua. Fitowa 8 ta rabu gida huɗu, kowane ya tashi da kaɗan.

4. Maimaici da nau'in matani

Ko an warware waɗannan, maimaici ba ma'anarsa guda ba. A waƙa, amshi na iya dawo da kalma sau 30 ba tare da ƙarin bayani ba. A hira, mai magana yakan ambaci abu sau ɗaya, ya ci gaba da wakilin suna, ko ya sakaya: ya ce «waccan shekara», ya ce «yunwa». Nan ƙarancin fitowa ba ƙarancin dacewa ba ne. A rahoto kuwa, inda ake kiran abu da sunansa a kowane sashe, ra'ayin Luhn yana da ƙarfi.

Don haka muna ganin a ware matanin bisa nau'i. Waƙa da tatsuniya a ba su ƙaramin k, kamar 0,5, inda fitowa 30 ba ta kai 1,5 ba, ko a ƙirga amshi sau ɗaya tak. Rahoto a bar shi kan 1,2.

5. Kammalawa

Jerin aikin shi ne: daidaita rubutu, haɗa sifofin kalma guda, raba masu kama da juna, sannan zaɓen k. A ƙarshe a gwada da tambayoyin da masu jin harshen suka tantance amsoshinsu. In an tsallake matakan farko, muryar manomin Baoudetta tana cikin taskar, amma a shafin da ba mai buɗawa.